Gorar Baba Maliki

Isa,
farkon kaka.

Zuwa ga ubangidana Jibrilla, maigadin Tafkin Giyayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hadiyya da yara da duk mutanen Kurawa. Yaya idon Kawu Maliki? Wancan zuwan na tarar yanar ta kusa rufe na daman ma. Mu nan Isa lafiya lau, sai zaman ɗar-ɗar da kowa ke yi. Tun da aka datse layin waya na koma kamar kurma, shi ya sa na ɗauko biro. Sodangi mai kabu-kabu zai kawo maka wannan ranar kasuwa, in hanya ta yi kyau.

Taubashi, wata magana ce ke cina, kuma ina so ka karanta wa Kawu ita daga farko har ƙarshe. Kada ka yi mini irin karatunka na makaranta, mai tsallake duk kalmar da ta fi ƙarfinka. Ka san aikina a nan koya wa mutane kiwon kifi ne. To ƙungiyar da nake yi wa aiki tana neman wani ruwa da za a gyara bakinsa ya zama wurin shaƙatawa, ni kuwa ban san ruwan da ya kai namu kyau ba.

Ga abin da na tsara. A share gindin giyayyun nan na gabas, a kafa rumfunan zana, a ajiye tantuna don masu son kwana. A samu kwalekwale yana yawo da mutane, mata su riƙa soya kifi a gefe. Lokacin sanyi a zo kallon agwagin ruwa da ke sauka. Da bazara a zo ganin bikin su, ranar da Kawu ke buɗe ruwa masunta su faɗa da homa da gora. Watannin da ruwa ke rufe ma, daga saukar damina har zuwa ranar su, ba za a zauna haka nan ba. Baƙo zai jefa fatsa, in ya kama kifi ya dubi abinsa, ya mayar da shi ruwa da ransa. Ka ga shekara za ta zagayo tafki bai yi zaman banza ba, samarinmu kuma su samu abin yi a gida.

Na san abin da za ka ce: wa zai zo yawon shan iska a wannan marra? Tashin hankalin nan ba zai dawwama ba da yardar Allah, kuma da sanyin safiya ake kama fara.

Ka gaya wa Kawu ban manta ranar da ya ɗora ni kan gorarsa ya tura ni tsakiyar ruwa ina ta ihu ba. Ga bargo nan na ba Sodangi, nasa ne, sanyi na tafe. Kai kuma ka ci gaba da tsare mini tafkina da kyau. In na zo na ga kifi ya ragu, gemunka za ni kama.

Taubashinka,
Zayyanu.

Kurawa,
bayan yankan gero.

Zayyanu,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, bargo ma ya iso. Muna lafiya, Hadiyya ta tashi daga zazzaɓi, yara na gaishe ka. Geron bana ba laifi, sai dai gonar nesa ba mu iya zuwa ba. Idon Baba sai haƙuri, yanzu rana kawai yake bambancewa da inuwa, ni ke riƙe masa hannu zuwa masallaci.

Na karanta masa takardarka, ban tsallake komai ba. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "Maimaita min wajen gorag ga." Na maimaita. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wanga yaro, tun yana ɗan ƙanƙane na san kainai ya hi na tsaranai." Ina zaune a gabansa fa yake faɗin haka, kuma ni ne tsaran naka.

Bargon kuwa, ko sanyi bai shigo ba ya lulluɓa da shi yana zufa, duk wanda ya zo gaisuwa sai an sa shi ya shafa ya ji laushi. Ni da nake kai masa fura kullum, in yanke masa farce, in yi ta zagaya bakin ruwa ina korar ɓarayin kifi sauro na cina, ban taɓa jin ya kira wani ya nuna masa furar ba. Za ni faɗa maka gaskiya, abin ya ci mini rai.

Sai maganar tsarinka. Masu ɗakin ƙasa da ƙofar ƙarfe ma ba su samun barci, kai kana zancen baƙo ya kwana cikin tanti a bakin daji. Kuma wane irin mutum ne zai kama tarwaɗa, ya dube ta, ya ce da ita sai an jima? Na ba Hadiyya labari ta yi dariya har ta kusa kifar da tukunya. Amma wannan duk mai sauƙi ne. Ruwa in an rufe shi an rufe shi. Tun kakanninmu ba a jefa ko zare sai ranar da Sarkin Ruwa ya shiga da gorarsa ya buɗe, don kifi ya samu ya hayayyafa ya girma. Bara da hannuna na ƙwace tarun Ibrahima, yayan Hadiyya, har yau ba ya amsa mini sallama da kyau.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne wannan "tafkina" da ka rubuta. Za ka ce wasan taubasai ne, to na ji. Amma Baba ya tsufa, kowa ya san bana ba zai iya shiga ruwa ba. Dole ya miƙa gorar ga wani, kuma wanda ya karɓe ta shi ne Sarkin Ruwa a bayansa. Ba shi da ɗa namiji a raye. Ni ɗan ƙanensa ne, kai ɗan ƙanwarsa da ya riƙa tun kana yaye. Na san ɗan mace ba ya gadon ruwa, amma na kuma san yadda fuskar Baba ke yi in an ambaci sunanka. Ni na zauna, kai ka tafi karatu. In wannan wurin shaƙatawa hanya ce ta zagayowa ka ɗauki gorar, ka fito fili ka faɗa mini, kada ka naɗe mini wuƙa a cikin bargo.

Ina jiran amsa.

Jibrilla.

Kurawa,
tsakiyar sanyi.

Zayyanu,

Sallama. Muna nan lafiya gwargwado, tarin Baba ya yi sauƙi. Ina fata kai ma haka.

Na yi ta duban hanya ban ga amsarka ba, ashe da ƙafarka ka kawo ta, ka kuma zaɓi ranar da na tafi Gatawa ta'aziyya. Na dawo na tarar an yanka maka zabona, ka ci tuwo a gidana, ka ɗora Baba kan mashin ɗin Sodangi kun tafi tafki. Ni da nake hana shi ko leƙa ƙofar gida in iska na kaɗawa.

Kana tsammani ba wanda ya gan ku? Laraba matar maƙeri tana wanki a bayan giyayyu, ita da mata da yawa. Sun ga ka zaro fatsa daga jaka ka jefa. Sun ga ka ciro ƙarfasa ka sa wa Baba a hannu, yana shafa ta yana murmushi, sannan ka mayar da ita ruwa. Kafin in sauka daga mota labari ya riga ni gida.

Na shiga wurinsa na durƙusa na tambaye shi, da ladabi wallahi, ko ya san abin da ka yi. Ya ce, "Ni nac ce mai shi jehwa. Ruwanka na ko nau?" Na tashi na fita. Na je bayan rumbu na tsaya kamar yaron da aka hana nama ranar salla, da gemuna da komai. Tun da na fara tsaron ruwan nan bai taɓa ce mini in jefa ko da wasa ba. Lokacin da Hadiyya ke da ciki tana kwaɗayin kifi, kasuwar Sabon Birni na je na sayo busasshe, ga tafki a bayan gidana.

Yanzu ka ji abin da fatsarka ta haifar. Shekaranjiya na tarar da Ibrahima ya shimfiɗa mamari, ƙugiyoyi birjik a cikin ruwa. Na ce ya cire, ya dube ni ya ce, "Haba suruki, ni ma kallonsu kawai za ni yi in sake su." Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya. Tun daga nan wannan ya jefa, wancan ya jefa, kowa ka tare sai ya ce ai ɗan gidan Sarkin Ruwa ne ya fara. Jiya an ga ɗanyen kifinmu a kasuwa. In aka ci gaba haka, ranar su homa za ta fito fayau, mutane su zo daga nesa su yi mana dariya.

Mutumin da ya karya dokar ruwa saboda kai, me zai hana shi karya ta gado? Wannan ke hana ni sakewa, ba ni ɓoye maka. Abin da nake so shi ne ka dawo, ka tsaya gaban jama'a ka ce ka yi kuskure, ka kuma ce da bakinka ba ka neman gorar. In ban gan ka ba ko takardarka, za ni kai maganar gaban dattawan Sarkawa, masu hukunci a kan ruwa.

Jibrilla.

Kurawa,
ƙarshen sanyi.

Zayyanu,

Sallama. Jiki lafiya, kowa lafiya.

Tunda ka ga ban isa ka amsa mini ba, na yi abin da na ce. Dattawa sun zauna a zauren Baba ranar Juma'a bayan an sauko. Na faɗi duk abin da ya faru, aka kira Laraba ta ba da shaida daga bayan zana. Aka tambayi Baba ko shi ya ba ka izini, ya ce shi ne. Mutanen da ya koya wa iyo da hannunsa suka yi ta yi masa faɗa, yana zaune kai a sunkuye. Da suka gama ya ce, "Kun gama? To ku yi yadda kunka ga dama."

Ga abin da aka yanke. Ba rumfa, ba tanti, ba fatsar baƙo a Tafkin Giyayya. Duk wanda aka sake kamawa za a ƙone kayan sunsa. Kai kuma bana kada a gan ka a wurin su.

Ruwa ya koma a rufe, Ibrahima ya kwashe ƙugiyoyinsa. Ban yi nadama ba, aikina na yi. Sai dai tun ranar in na miƙa wa Baba hannu za mu masallaci sai ya janye nasa, yanzu bango yake bi. Wannan ma a kanka na ɗora shi.

Jibrilla.

Isa,
shigowar zafi.

Jibrilla,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da Hadiyya da yara. Ni lafiya, alhamdu lillahi. Ka gaishe mini da Kawu, in yana amsa maka.

Takardunka biyu tare suka iso, jiya. Hanyarmu ta daɗe a rufe bayan harin da aka kai a kan gada, Sodangi ya jingine mashin, takardun na cikin aljihunsa. Wannan shi ne rainin da kake cewa na yi maka. Ranar da na zo kuwa ba zaɓarta na yi ba, ita ce ranar da aka samu rakiyar jami'an tsaro, duk mai tafiya ya bi ayari. Amsar takardarka ta farko na zo ba ka baki da baki. Na jira ka har ayari ya kusa tashi ya bar ni. Ka tambayi Hadiyya, in ka bar ta ta yi magana.

Tunda Laraba ta gani amma ba ta ji ba, bari in gaya maka abin da aka faɗa a bakin ruwa. Kawu ne ya ce in kai shi. Da muka zauna ya kama hannuna ya ce, "Zayyanu, gora ta Jibrilla ta. Shi ad da ita, shi yat tsare ruwan ga. Kai ɗan mace na, ka sani." Na ce na sani, Kawu. Ya ce, "To jehwa sau guda, in ji kihi mai rai ga hannuna. Bana ban shiga ruwa, baɗi ko Allah ya sani." Sai na jefa. Na san ruwa a rufe yake, na san bai kamata ba, kuma ko yau ya sake cewa in jefa za ni jefa.

Ka ga ke nan, gorar taka ce tun kafin ka tara masa mutane a zaure. Kokawa ka yi ta yi da wanda ba ya cikin fage, tsohon ne ya sha kaye.

Kana jin haushin bargo. Ka san abin da ni nake jin haushi? Furar nan da kake rainawa. Kai kake ganinsa kullum, kai ka san wace ƙafa ke masa ciwo, kai za ka tsaya a kansa ranar da ta Allah ta kasance. Ni sai dai in aiko da bargo, don shi hannuna ke iya kaiwa. Tun muna yara na san komai iyon da na iya, ruwan nan naka ne, ni baƙo ne a gidan kawuna. Shi ya sa ya tura ni makaranta ya riƙe ka. Kai kana ganin fifita ni ya yi, ni ina ganin sallamata ya yi. Rumfunan nan da kuka yi wa dariya, ƙofa ce na nema wadda ɗan mace zai bi ya samu wurin zama a bakin tafkin da ya girma. Ina kishinka, Jibrilla, na daɗe ina yi, ban dai taɓa kai ka ƙara ba.

Na shaida wa mutanenmu su nemi wani ruwan, sun riga sun fara duba wani wajen. Hukuncin dattawa na karɓa, ba za ka gan ni ranar su ba. Abu guda nake roƙo. Bangon nan da yake bi akwai kwata a ƙarshensa. Ko ya ture ka, ka bi bayansa.

Yau ba ni da wasan da za ni yi maka.

Zayyanu.

Kurawa,
bazara, bayan su.

Zayyanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Zafi ya yi yawa, Baba ya rame amma yana cin abinci. Hadiyya na gaishe ka, ta ce in gaya maka ta yi maganar, ni ne ban saurara ba. Takardarka na karanta ta ni kaɗai, na daɗe ban san abin da za ni rubuta ba, sai yau da ya zama dole.

An yi su ranar Asabar. Jama'a ta taru fiye da yadda muka zata da wannan hali da ake ciki, daga Sabon Birni, daga Gatawa, har da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka. Masunta sun jeru a bakin ruwa kowa da homarsa, makaɗa na ta zuba kirari. Aka kawo Baba a amalanke aka zaunar da shi gindin giyayya. Ya sa aka ɗauko gorar, ya shafa ta, ya yi addu'a, ya ce, "Ina Jibrilla?" Na matso na durƙusa. Ya ce, "Karɓa. Allah shi ba ka haƙurin ruwa." Ya miƙo mini ita gaban kowa, aka yi ta guɗa.

Na shiga ni kaɗai, na kwanta a kanta har tsakiya. Na yi bismillah na nutsa homa. Da na ɗago sai da na kusa kifewa, wata tarwaɗa ce da tsawonta ya kai hannuna har kafaɗa. Na ɗaga ta sama, jama'a suka faɗa ruwa gaba ɗaya. Kifin bana bai kai na bara ba, satar da aka yi ta nuna, amma ba wanda ya koma gida hannu rabbana.

Ka san al'ada, kifin da ya fara fita a homar Sarkin Ruwa gidan hakimi ake kai shi. Na fito jiƙe sharkaf na ajiye tarwaɗar gaban Baba don ya sa albarka. Ya bi ta da hannu tun daga gashin baki har wutsiya, yana jinjina kai. Zuciyata ta yi fari, na ce yau dai zai faɗi wani abu a kaina. Sai ya ce, "A banda ta da kyau, a kai ma Zayyanu Isa." Wani dattijo ya ce, "Maliki, ta hakimi ta." Baba ya ce, "A ba hakimi ta biyu. Kun hana yaro zakuwa, ba ku hana shi ci ba." Duk aka juyo ana kallona, don yanzu ni ke da magana a kan ruwa. Na ce a yi yadda ya ce. Me za ni ce?

Ban bar kowa ya taɓa ta ba. Ni na gyara ta, ni na banda ta da itacen kirya, ni na naɗe ta cikin takardar siminti na ɗaure. Ina juya ta a kan wuta ina jin haushinka, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai tafi ba. Gorar tana rataye a ɗakina, mutane na shigowa suna ce mini Sarki. Abin da na nema na samu, ba wanda ya rage mini komai.

Da aka watse ranar, na je na kama hannunsa za mu gida, bai janye ba. Muna tafe ina ta jiran ya faɗi wani abu a kaina. Sai da muka kai ƙofar gida ya tsaya ya ce, "Jibrilla." Na ce, "Na'am, Baba." Ya ce, "Da wanga zahi, kana ganin za ta kai mai ba ta ɓaci ba?"

Maganar da ya yi mini ke nan ranar da na zama Sarkin Ruwa. Ga ta nan hannun Sodangi, ba ta ɓaci ba. Ka ci.

Taubashinka,
Jibrilla.